Dizal mai sabuntuwa

Dizal mai sabuntuwa wani nau'in man dizal ne da ake sarrafawa daga man tsirrai, kitsen dabbobi da tsohon man suya, maimakon ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙasa. A Turai an fi saninsa da taƙaitaccen suna HVO. Ana kiransa mai sabuntuwa ne saboda kayan da ake yinsa da su ana iya noma su ko tara su kowace shekara, saɓanin ɗanyen mai wanda in ya ƙare ya ƙare. Siffarsa ta sinadari ta yi kusa sosai da ta dizal na yau da kullum, don haka ana zuba shi a mafi yawan injinan dizal ba tare da an canja musu komai ba. Wannan ne ya sa hukumomi da kamfanoni masu tarin motoci, kamar na kwashe shara, na bas-bas da na dakon kaya, suka rungume shi domin rage hayaƙi ba tare da sun sayi sababbin motoci ba. Sai dai yawan amfaninsa ga muhalli ya danganta da irin kayan da aka sarrafa shi da su, kuma waɗannan kaya ba su wadata ba.

Tarihi

Zuba man tsirrai a injin dizal tsohon abu ne. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a shekarar 1900 an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Amma ɗanyen man tsirrai yana da kauri, yana daskarewa da sanyi, yana kuma barin datti a cikin inji, ga shi man fetur ya yi araha a ƙarni na 20, sai aka bar wannan hanya. A shekarun 1990 aka fara sayar da biyodizal da yawa a Turai da Amurka, wanda ya magance matsalar kauri amma ya zo da nasa matsalolin.

Kamfanin Neste na ƙasar Finland na cikin waɗanda suka fara sarrafa dizal mai sabuntuwa don kasuwa. Ya buɗe masana'antarsa ta farko a matatar mai ta Porvoo a 2007, ta biyu a wuri guda a 2009, sannan manyan masana'antu a Singafo a 2010 da Rotterdam ta ƙasar Holan a 2011. A Italiya, kamfanin Eni ya mayar da tsohuwar matatar mansa ta Venice wurin sarrafa wannan mai a 2014, ya kuma yi haka da matatar Gela a 2019. A shekarar 2019 ɗin ne kamfanin Total ya fara aiki a matatar La Mède da ke kudancin Faransa.

A Amurka an buɗe masana'antar Geismar a jihar Louisiana a 2010. A 2013 kamfanin Diamond Green Diesel, haɗin gwiwar kamfanin tace mai na Valero da kamfanin Darling mai sarrafa ragowar kayan mayanka, ya fara aiki a Norco a wannan jiha. Daga 2020 zuwa 2024 an mayar da matatun mai da dama zuwa wannan aiki, ciki har da ta Dickinson a jihar North Dakota, da ta Martinez da ta Rodeo a Kaliforniya. A 2023 yawan dizal mai sabuntuwa da masana'antun Amurka za su iya fitarwa ya zarce na biyodizal a karon farko.

Kayan da ake sarrafa shi da su

Kusan duk wani mai ko kitse na tsirrai da dabbobi zai iya shiga wannan aiki. An fi kasa su gida biyu. Na farko shi ne man amfanin gona, wato man waken soya, man kanola da manja. Na biyu shi ne ragowa da shara, wato tsohon man da gidajen abinci suka gama suya da shi, kitsen shanu da na kaji da na kifi daga mayanka, man masara da ke saura bayan an yi sinadarin itanol, da wani mai da ke fita daga itatuwa a masana'antun takarda. Ana buƙatar kusan tan 1.2 na mai ko kitse kafin a samu tan 1 na abin da masana'anta ke fitarwa.

Yadda ake sarrafa shi

Kafin komai ana tsabtace man. Ana cire ruwa, gishiri, ɓurɓushin ƙarafa da sinadarin fosfaras, domin suna lalata kayan aiki. Tsohon man suya da kitse sun fi sabon man tsirrai buƙatar wannan tsabtacewa.

Daga nan sai a shigar da man cikin wata babbar tukunyar ƙarfe tare da iskar haidirojin, a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 400 na ma'aunin Selsiyos, cikin matsi mai ƙarfi. A cikin tukunyar akwai sinadarai masu hanzarta aiki, galibi na ƙarafan nikel ko kobalt haɗe da molibdenam. Man tsirrai da kitse suna ɗauke da iskar oksijin a jikin ƙwayoyinsu. Haidirojin ce ke fizge wannan oksijin, ta fita a matsayin ruwa ko iskar kabon. Abin da ke saura shi ne dogayen sarƙoƙi na kabon da haidirojin zalla, masu ƙwayoyin kabon 15 zuwa 18, irin waɗanda ke cikin dizal na ɗanyen mai.

Waɗannan miƙaƙƙun sarƙoƙi suna daskarewa kamar kakin zuma idan aka yi sanyi. Saboda haka akwai mataki na uku, inda ake sake fasalinsu su yi rassa. Da wannan ake iya samar da man da ba ya daskarewa har a sanyin da ya kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, kamar yadda ake buƙata a arewacin Turai. A ƙarshe ana tace abin da ya fito a raba shi: dizal, iskar gas ta furofen, da nafta wadda ake sakawa a fetur ko a yi robobi da ita. Masana'anta guda tana iya karkata wani kaso zuwa man jirgin sama.

Akwai kuma matatun da ke zuba ɗan man tsirrai su tace shi tare da ɗanyen mai a tukunya ɗaya. Abin da ke fitowa a nan gauraye ne, ba dizal mai sabuntuwa zalla ba.

Bambancinsa da biyodizal

Mutane da yawa suna ɗaukar su biyun abu ɗaya ne, saboda kayan da ake yinsu da su iri ɗaya ne. Hanyar sarrafawa ce ta raba su. Biyodizal ana yinsa ne ta hanyar haɗa mai da sinadarin metanol a zafi kaɗan, inda gilisarin ke fita gefe. Aikin yana da sauƙi da araha, har ƙaramar masana'anta na iya yi. Amma oksijin tana nan a jikin man. Wannan ke sa biyodizal ya ja ruwa, ya lalace idan ya daɗe a ajiye, ƙwayoyin cuta su yaɗu a tanki, ya kuma toshe filta lokacin sanyi. Shi ya sa ba a cika amfani da shi zalla ba. A Turai ana gauraya shi da dizal har kashi 7 cikin 100, a Amurka kuma kashi 5 zuwa 20 ne aka fi gani.

Dizal mai sabuntuwa ba shi da oksijin. Yana daɗewa a ajiye, ana iya tura shi ta bututun mai, ana iya gauraya shi da dizal na yau da kullum ko nawa ne, ko a yi amfani da shi zalla. A Amurka yana cika ƙa'idar ASTM D975, wadda ita ce ƙa'idar dizal na yau da kullum. A Turai yana da tasa ƙa'idar, EN 15940, domin ya fi dizal na yau da kullum rashin nauyi: kubik mita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 780, alhali ƙa'idar EN 590 ta dizal ɗin gidajen mai tana neman kilo 820 zuwa 845.

Siffofinsa a cikin inji

Man garau yake kamar ruwa, kuma warinsa kaɗan ne. Kusan babu salfa a cikinsa, haka ma sinadaran aromatik masu haddasa baƙin hayaƙi. Lambarsa ta sitan, wadda ke nuna saurin kamawar mai a cikin injin dizal, tana tsakanin 70 da 90, alhali mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi ga dizal shi ne 51 a Turai da 40 a Amurka. Wannan na taimakawa inji ya tashi da sauƙi da sanyin safiya.

Yana da nasa naƙasun. Saboda rashin nauyinsa, ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ya gaza na dizal na yau da kullum da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100, don haka mota na iya ɗan ƙara shan mai. Ba shi da santsin da famfon mai ke buƙata, sai an ƙara masa sinadarin santsi kafin a sayar. Sannan a wasu tsofaffin motoci, robobin da ke toshe mahaɗar bututun mai sun saba da kumburin da sinadaran aromatik ke sa su yi. Idan aka koma sabon man suna iya motsewa mai ya fara yoyo, shi ya sa makanikai ke duba su a makonnin farko. Manyan masu ƙera injina, kamar Cummins, Volvo, Scania, Mercedes-Benz da Caterpillar, sun amince da amfani da shi zalla a yawancin injinansu na zamani.

Amfani da shi a tarin motoci

Hukuma ko kamfani mai ɗaruruwan manyan motoci yana fuskantar matsala idan aka ce ya rage hayaƙi. Motar kwashe shara ko ta kashe gobara tana da tsada, kuma takan yi shekara 10 zuwa 20 tana aiki. Komawa motocin lantarki na buƙatar sayen sababbi, kafa wuraren caji da ƙarin wutar lantarki, abin da ke ɗaukar shekaru. Dizal mai sabuntuwa kuwa ana zuba shi a tankin da ake da shi, a motocin da ake da su, direbobi da makanikai ba sa buƙatar sabon horo. Irin waɗannan ma'aikatu kuma suna da nasu wurin shan mai a gareji, suna sayen mai da tanka bisa kwangila, don haka ba sai sun jira man ya iso gidajen mai na kan titi ba.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwaje na farko an yi shi ne a yankin Helsinki, babban birnin Finland, daga 2007 zuwa 2010, da motocin bas kusan 300. Sakamakon ya nuna cewa amfani da man zalla ya rage ƙwayoyin baƙin hayaƙi da kusan kashi 30 cikin 100, iskar naitirojin oksaid kuma da kusan kashi 10, ba tare da ya cutar da injinan ba.

A Kaliforniya, biranen San Francisco da Oakland sun mayar da motocin hukumominsu masu shan dizal zuwa wannan mai a 2015. A shekarar ne kuma kamfanin jigilar saƙonni na UPS ya sanar da cewa zai sayi galan har miliyan 46 cikin shekara uku. Kamfanin jiragen ƙasa na Metrolink da ke kudancin jihar ya mayar da dukkan kawunan jiragensa a 2022. Daga watan Janairun 2024 dokar jihar ta wajabta amfani da shi ga yawancin injinan aiki da ba na kan titi ba, kamar katafila da injinan gine-gine. Birnin New York ya fara mayar da manyan motocinsa a 2023, ciki har da na kwashe shara da ke share ƙanƙara a lokacin hunturu, ya kuma kammala a 2024.

A Turai, Suwidin na cikin ƙasashen da suka fi amfani da shi, musamman a motocin bas na haya. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, yana zuba shi a jiragen da ke bin layukan da ba su da lantarki. Jamus ta halatta sayar da shi zalla a gidajen mai a watan Mayun 2024. Ana kuma amfani da shi a janaretocin ko-ta-kwana, domin yana jure doguwar ajiya.

Tasiri ga muhalli da lafiya

Akwai hayaƙi iri biyu da ya kamata a bambanta. Na farko shi ne wanda ke cutar da mai shaƙarsa kai tsaye: baƙin hayaƙi, naitirojin oksaid da kabon monoksaid, waɗanda ke da hannu a cutar asma da cututtukan huhu da zuciya. Dizal mai sabuntuwa yana rage waɗannan, amma an fi ganin bambancin a tsofaffin injina. Sababbin manyan motoci, kamar waɗanda aka ƙera a Amurka daga 2010, suna zuwa da na'urorin tace hayaƙi a salansa masu kama mafi yawan dattin, ko da wane mai aka zuba. A irin waɗannan motoci ribar ita ce matatar hayaƙi ba ta saurin cika, sai a rage yawan gyara.

Na biyu shi ne iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya. A bakin salansa, abin da dizal mai sabuntuwa ke fitarwa bai gaza na dizal na yau da kullum da yawa ba. Bambancin yana ga asalin kabon ɗin. Wanda ke cikin man tsirrai, tsirran ne suka zuƙo shi daga iska kwanan nan, konawa kuma mayar da shi take yi. Wanda ke cikin ɗanyen mai kuwa ya yi miliyoyin shekaru a binne, konawa tana ƙara shi ne a kan wanda ke sama. Don haka ake lissafa hayaƙin tun daga gona ko mayanka har zuwa salansa, a haɗa da taki, sufuri da haidirojin, wadda galibi daga iskar gas ake samunta. A irin wannan lissafi, man da aka yi da tsohon man suya ko kitse yana rage hayaƙi da kusan kashi 60 zuwa 90 cikin 100. Na amfanin gona bai kai haka ba.

Dokoki da tallafi

Sarrafa dizal mai sabuntuwa ya fi tace ɗanyen mai tsada, don haka kasuwarsa ta dogara ne da dokokin gwamnati. A Amurka, dokar tarayya ta 2005 da aka faɗaɗa a 2007 ta wajabta wa masu tace mai su shigar da wani adadi na man tsirrai kasuwa kowace shekara. Har zuwa ƙarshen 2024 kuma an daɗe ana ba da rangwamen haraji na dala 1 a kan kowane galan da aka gauraya da dizal na yau da kullum, abin da ya sa ake sayar da shi da sunan R99, wato an ɗiga masa ɗan dizal kaɗan.

Kaliforniya ta ƙara da nata tsarin na rage kabon a man sufuri, wanda ya fara aiki a 2011. A wannan tsari kowane mai yana da makin da ke nuna yawan hayaƙinsa. Mai sayar da man da makinsa ya yi ƙasa yana samun takardar shaida da zai sayar wa mai sayar da man da makinsa ya yi sama. Wannan ya sa farashin dizal mai sabuntuwa a jihar ya yi kusa da na dizal na yau da kullum, kuma mafi yawan wanda ake sha a Amurka can yake tafiya. A 2023 hukumar kula da ingancin iska ta jihar ta sanar da cewa dizal mai sabuntuwa da biyodizal sun haura rabin dukkan dizal ɗin da ake amfani da shi a jihar. Jihohin Oregon da Washington suna da irin wannan tsari.

Dogaro da doka yana da haɗari. A farkon 2024 Suwidin ta sassauta dokarta ta rage hayaƙin dizal daga kashi 30.5 zuwa kashi 6 cikin 100 domin sauƙaƙa farashi, sai buƙatar man ta faɗi. A shekarar ne kamfanin Shell ya dakatar da ginin babbar masana'antarsa a Rotterdam saboda raunin kasuwa.

Suka da ƙalubale

Babbar matsala ita ce ƙarancin kayan sarrafawa. Dukkan man tsirran da duniya ke samarwa a shekara ya ɗan haura tan miliyan 200, kuma mafi yawansa abinci ne, alhali dizal ɗin da ake ƙonawa a shekara ya haura tan biliyan 1. Ko da an kwashe man girki kaf an kai matata, ba zai maye gurbin dizal ba. Tsohon man suya da kitse kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma dama akwai masu amfani da su, kamar masu yin sabulu da abincin dabbobi. Idan matatu suka saye su, waɗannan masana'antu sukan koma ga manja ko man soya.

Daga nan ne matsala ta biyu ke tasowa, wato sare dazuzzuka. Faɗaɗa gonakin kwakwar manja a Indunusiya da Malesiya ya cinye dazuzzuka da fadamu masu riƙe da kabon mai yawa, kuma hayaƙin da hakan ke saki yana iya shafe duk ribar man. A 2019 Tarayyar Turai ta sanya manja cikin kayan da ke da babban haɗarin jawo sare daji, ta kuma tsara daina lissafa shi a matsayin makamashi mai sabuntuwa nan da 2030. Masu suka suna kuma nuna cewa karkatar da man girki zuwa tankin mota na iya tsadar da abinci, abin da ya fi shafar talakawan ƙasashen da ke shigo da shi.

Akwai kuma zargin maguɗi. Tun da tsohon man suya ya fi sabon mai samun tallafi, ana zargin wasu dillalai da sayar da sabon manja da sunan tsohon mai. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen fitar da tsohon man suya, kuma hukumomi a Turai da Amurka sun gudanar da bincike kan asalin kayan da ake shigowa da su.

Gasar samun kayan tana ƙaruwa saboda jiragen sama, waɗanda ba su da wata hanya mai sauƙi ta barin man fetur. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 cikin 100 na man jirgi mai ɗorewa daga 2025, da kashi 6 a 2030, kuma mafi yawansa daga irin wannan mai da kitse ake yinsa. Saboda haka masana da dama suna ganin an fi cin moriyar dizal mai sabuntuwa a wuraren da lantarki bai kai ba tukuna, kamar tirelolin dogon zango, injinan gona da na gine-gine, jiragen ƙasa da na ruwa, da kuma motocin da ke kan aiki yanzu har zuwa lokacin da za su tsufa a sauya su. Ana kuma ci gaba da bincike kan samar da shi daga ɓuntun hatsi, karan amfanin gona, ragowar katako da gansakuka, waɗanda suka fi mai da kitse yawa amma sarrafa su ya fi tsada.